Daga Samanja zuwa Kuliya: Tarihin wasannin kwaikwayon talabijin na Hausa

Wasannin kwaikwayon talabijin na Hausa su ne shirye-shiryen da gidajen talabijin na gwamnati a Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos suka riƙa nunawa mako-mako, musamman daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990. Su ne suka share fagen da masana'antar Kannywood ta ginu a kai. Abin da ya bambanta su da wasannin wasu ƙasashe shi ne, yawancinsu ba a rubuta maganganunsu a takarda ba. Ɗan wasan ne ke ƙirƙirar zancensa a gaban kyamara, don haka shi ne ɗan wasa, shi ne kuma rabin marubuci. Wannan ne ya sa sunayen wasa irin su Samanja da Karkuzu da Kuliya suka danne sunayen yanka na masu su.

Tushen abin

Kwaikwayo daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Akwai tashe da yara da samari ke yi a watan azumi, da wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, da barkwancin 'yan kama a kasuwanni. Da ilmin boko ya zo, sai wasan ya shiga littafi. Dokta R. M. East ya fitar da wasanni shida na Hausa a shekarun 1930, Abubakar Tunau ya biyo baya da Wasan Marafa, sannan Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Daga baya aka samu Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979.

Amma rediyo ce ta kai wasan kwaikwayo kunnen talaka. A Rediyon Kaduna, shirin Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, wanda daga baya ya zama Ɗan Iyan Zazzau, ya daɗe yana jan hankalin masu sauraro, har aka mayar da shi littafi a 1980. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a talabijin, a ɗakin rediyo suka koyi sarrafa murya da sanin lokacin da ya kamata a jefa magana.

Zuwan talabijin Arewa

Gidan talabijin na farko a Najeriya an buɗe shi ne a Ibadan a 1959. Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, ta buɗe nata a Kaduna a 1962, a haɗe da gidan rediyo. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, wasu jihohin suka fara kafa tashoshinsu, har tashar Jos ta zama ta farko a ƙasar da ta watsa hoto mai launi a 1975. Gwamnatin soja ta tattara tashoshin duka a hannun tarayya, aka kafa hukumar NTA a 1977.

Kowace tasha tana da sa'o'in da za ta cike da shirye-shiryen gida cikin harshen mutanen yankinta. Ga ɗakin ɗaukar hoto, ga ma'aikata masu albashi, ga kuma ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da ke neman inda za su nuna basirarsu. Daga wannan haɗuwa ce wasannin suka fito.

Kaduna: Samanja da Karambana

Babu shirin da ya kai Samanja Mazan Fama shahara a wancan zamani. Mai shi, Alhaji Usman Baba Pategi, an haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, amma Hausa ce ta ɗaukaka shi. Ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Kaduna, ya shiga soja a shekarun 1960, ya bar aikin a 1985 ya koma harkar watsa labarai gaba ɗaya. Samanja muƙami ne na soja, wanda mai shi ke tsakanin hafsoshi da kurata, kuma shi ke riƙe da tarbiyyar bariki. Pategi ya san wannan rayuwa ciki da bai, ya kuma kawo ta gaban jama'a da Hausar bariki mai gauraye da gurɓataccen Turanci, da tsawa, da rigingimun gida tsakaninsa da matarsa Bariki.

Muhimmancin shirin ya wuce ban dariya. An yi shi ne bayan Yaƙin Basasa, lokacin da sojoji suka yawaita a garuruwa, mulki kuma yana hannunsu, farar hula na tsoron kakinsu. Samanja ya ba talaka damar ya yi wa soja dariya ba tare da ya sha bulala ba, ya kuma nuna cewa mai kakin nan shi ma yana da bashi da iyali da maƙwabta. Pategi ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023.

Na biyunsa shi ne Alhaji Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, wanda ya fito a Karambana a matsayin mai shiga sharo ba shanu, kullum shisshiginsa na jefa shi cikin rigima. Yero ya iya wasa da Hausa da Turanci. Ya fito a shirin Magana Jari Ce da NTA ta ɗauko daga littafin Alhaji Abubakar Imam a shekarun 1980. Ya kuma fito a matsayin Kawu Gaga a Cock Crow at Dawn, shirin Turanci da aka fara a 1980, aka ɗauka a yankin Jos da tallafin bankin UBA domin kwaɗaita wa jama'a komawa gona. A wannan shirin ne marigayi Sadiq Daba ya yi suna da Bitrus. Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna a watan Satumbar 2017.

Kano: Kuliya da tashar CTV

A Kano, shirin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne Kuliya Manta Sabo na NTA Kano. Sunan kirarin alƙali ne, wato wanda idan ya hau kujerar shari'a ba ya duba sanayya. Alhaji Daudu Galadanci ne ke fitowa a matsayin alƙalin, har sunan Kuliya ya bi shi iya rayuwarsa. Akan fara da nuna yadda rigima ta taso, ta aure ko gado ko bashi ko cin amanar ciniki, sannan a ƙare a gaban alƙali. Mai kallo yakan tashi da dariya, da kuma ɗan sanin yadda ake kai ƙara da kafa shaida. Tare da shi akwai Taskira Asirin Ɓoye, da 'yan wasa da jama'a suka fi sani da sunayen Malam Mamman da Ɗanhaki da Doron Mage.

A 1982 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta buɗe tashar jiha, CTV 67. Dalilin siyasa ne, domin NTA tana hannun gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN, Kano kuwa PRP ke mulki. Amma wasan kwaikwayo ne ya fi cin ribar gasar. CTV ta buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin matasa na unguwanni, ta fito da masu barkwanci irin su Hankaka da Ɗan Magori da Ɗan Wanzan, ta kuma kawo dogayen labarai masu ci gaba daga mako zuwa mako, kamar Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa da Hana Wani Hana Kai. Tashar ce ake kira ARTV a yau, sunan da aka sa mata don tunawa da Rimi bayan rasuwarsa a 2010.

Jos da Sakkwato da Nijar

Jos ta ba da Karkuzu na Bodara, wanda Malam Abdullahi Shu'aibu ya yi fice da shi a shekarun 1980. Sakkwato ta ba da Idon Matambayi da barkwancin Golobo, cikin Sakkwatancin da ya zama wani ɓangare na daɗin wasan. A Jamhuriyar Nijar kuma, ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta yi irin wannan aiki a rediyo da talabijin na ƙasar, da salo iri ɗaya na faɗakarwa cikin raha.

Wa ke rubuta wasan?

Yadda aka fi yi shi ne, mai tsara shiri ko jagoran ƙungiya ya zo da ƙashin labari a takarda ɗaya ko biyu: wane zai shigo, me zai tarar, ina rigimar za ta kai. Sai a zauna a tattauna, a raba fitowa, a gwada sau ɗaya ko biyu, a ɗauka. Kalmomin kuwa na 'yan wasa ne. Tun da kowa ya daɗe yana riƙe da hali guda, ya san abin da mutumin da yake kwaikwaya zai ce a kowane yanayi. Shi ya sa Hausar wasannin ta fito da rai, cike da karin magana da habaici da zaurance da ba'ar da ke tsakanin ƙabilu da masu sana'o'i, irin wadda alƙalami bai cika kamo ta ba.

Idan aka kwatanta da Pakistan za a fi gane bambancin. Gidan talabijin na gwamnatin ƙasar, PTV, ya fara aiki a Lahore a 1964, shekara biyu bayan na Kaduna, ya kuma yi zamanin zinarensa na wasannin harshen Urdu a lokaci guda da namu. Sai dai a can marubuci ne tauraro. Ana cewa Waris na 1979 na Amjad Islam Amjad ne, ana cewa Ankahi na 1982 da Tanhaiyaan da Dhoop Kinare na 1987 na marubuciya Hasina Mu'in ne, kuma rubutun na nan ana nazarinsa a matsayin adabi. A ƙasar Hausa kuwa, wasa ya fi zama a bakin ɗan wasa da kan faifan ɗauka. Ribar hakan ita ce zaƙin harshe. Hasararsa ita ce, idan faifan ya lalace kuma mai maganar ya rasu, babu takardar da za a koma gare ta. 'Yan kaɗan da suka tsira daga wannan su ne waɗanda suka haɗa wasa da rubutu, kamar Yusuf Ladan da Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi.

Masu kallo

A wancan lokaci akwatin talabijin kayan masu hali ne da manyan ma'aikata. Gida ɗaya a layi kan ɗauki yaran unguwa duka, wasu a tabarma, wasu ta taga. A garuruwan manoma da ke gefen Kano, irin su Dawanau da sauran ƙauyukan Dawakin Tofa da ke kan hanyar Katsina, inda wutar lantarki ba ta wadata ba, batirin mota ne ke kunna ƙaramin akwati mai baƙi da fari, jama'a su taru bayan sallar isha'i. Tashoshin ba sa kwana suna aiki, kuma tashoshin da za a juya ba su da yawa, saboda haka ɗan kasuwa da ma'aikaci da manomi abu guda suke kallo a dare guda, shi ne kuma abin hira washegari a rumfa da ofis. Gwamnatoci sun gane haka, suka riƙa cusa saƙonnin rigakafi da tsafta da karatun yara da noma a cikin labaran.

Zuwan bidiyo

Abubuwa biyu suka rage wa wasannin ƙarfi. Na farko, tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo a 1986 ya sa aka rage wa tashoshin gwamnati kuɗi, aka ce su nemi na kansu, shirin da ba shi da mai ɗaukar nauyi kuma ya zama kaya. Na biyu, na'urar bidiyo ta shiga gidaje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta goge a wasannin talabijin, ta fitar da Turmin Danya a kaset, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari kuma ya fito a ciki. Shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Daga nan 'yan wasa suka ga za su iya sayar da aikinsu kai-tsaye, ba sai sun jira ɗan abin da tasha za ta ba su ba. Sabuwar kasuwar ta karkata ga soyayya da waƙa da rawa irin na finafinan Indiya, dattawan talabijin kuma suka koma fitowa a matsayin iyaye da alƙalai da sarakuna.

Dogon shiri ya sake dawowa bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina da Izzar So. A wannan karon ana rubuta komai, ana kuma sa sunan marubuci a allo. Marigayi Umar Yahaya Malumfashi, wanda aka sani da Bankaura, yana cikin waɗanda suka ga zamunnan uku: ya yi wasan talabijin, ya yi na bidiyo, ya kuma fito a Kwana Casa'in kafin rasuwarsa a 2022.

Abin da ya rage

Faifan ɗauka yana da tsada a wancan zamani, don haka tashoshi kan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Wanda ya tsira daga gogewa kuma yana fama da zafi da ƙura da rashin na'urar da za ta kunna shi. Abin da ake gani a YouTube a yau gutsattsari ne, mafi yawa daga kaset ɗin da mutane suka naɗa a gida.

Su ma 'yan wasan, aikin bai tara musu dukiya ba, domin babu wani kaso da ke biyo su idan an maimaita shiri. Karkuzu ya tsufa cikin rashin gani da ƙuncin rayuwa a Jos, har sai da ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida, kafin ya rasu a watan Maris na 2025.

Aikin da ke gaban NTA da ARTV da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo a fili yake: a tattara faifan da suka rage a mayar da su na kwamfuta, a rubuta maganganun da ke ciki, a kuma zauna da sauran masu tsara shirye-shirye da masu ɗaukar hoto da 'yan wasan da ke raye, a rubuta wanda ya yi me, a wace tasha, a wace shekara. Duk iyalin da ke da tsohon kaset na Samanja ko Kuliya a cikin adaka, su sani suna riƙe da abin da wataƙila babu kwafinsa ko a tashar da ta shirya shi.