Yadda Inuwa Ta Shiga Cikin Allo: Tarihin Zanen da ke Amsa wa Mai Kallo



'Yan uwana matasa, da yawa daga cikinmu mun saba da wani wasa na wayar salula: ka ɗaga waya saitin fuskarka, sai ga tabarau ko hula ta bayyana a kanka, ka juya hagu ta bi ka, ka juya dama ta bi ka, alhali in ka kai hannu ka shafa babu komai. Abin ya zama ruwan dare, har ba ma tsayawa mu tambayi inda ya faro. To wannan wasa jika ne ga wata fasaha da masu zane da masana kwamfuta suka shafe fiye da shekara hamsin suna ginawa, wato zanen da ke ganin mai kallonsa har ya amsa masa, inda jikin mutum na zahiri da hoton da kwamfuta ta ƙirƙira suke haɗuwa a fage guda. Tarihin wannan fasaha nake so mu bibiya a yau, kuma a iya nazarina, hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce mu bi sawun inuwa.

A Alƙahira ta zamanin daular Mamluk akwai wani wasa da Larabawa ke kira khayaluz zilli, wato wasan inuwa. Akan ɗaura farin ƙyalle, a kunna fitila a bayansa, mai wasa ya riƙa motsa wasu 'yan siffofi da aka yanka da fata tsakanin fitilar da ƙyallen, jama'a kuma suna zaune a ɗaya ɓangaren suna kallon inuwoyi suna zance, suna faɗa, suna sasantawa. Wani likitan ido ɗan asalin Mausil mai suna Muhammad Ibn Daniyal, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1310, ya bar wasanni uku irin wannan a rubuce, ko da yake ba duk abin da ke cikinsu ne za a iya karantawa a gaban iyaye ba. Abin da ya sa na kawo shi shi ne ƙyallen nan. Ƙyallen iyaka ne: mai wasa na can, mai kallo na nan, kuma da wani ɗan kallo zai miƙe ya gitta gaban fitila, da inuwarsa ta ɓata wasan ne kawai. Majigi ya gaji wannan ƙa'ida, talabijin ma ya gaje ta. Allo na magana, kai kana sauraro, kuma ko ka fita ko ka zauna duk ɗaya ne a wurinsa.

A ƙarshen shekarun 1960 ne wasu mutum biyu a Amurka suka nufi wannan iyaka, kowa ta ƙofarsa. Na farko shi ne Ivan Sutherland. A 1968, a Jami'ar Harvard, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa wata na'ura da ake ɗaurawa a ka, mai 'yan gilasai a saitin idanu, da wani dogon hannun ƙarfe da ya sauko daga rufin ɗaki yana auna inda kan mutum ya juya. Abin da ake gani a ciki bai taka kara ya karya ba, layuka ne zalla, kamar akwatin da aka ƙera da waya yana reto a tsakiyar ɗaki. Amma in ka matsa gefe sai ka hango gefen akwatin, kamar da gaske yana nan. Daga wannan zuriya aka samu tabarau masu rufe ido ruf da safar hannu mai wayoyi da kamfanin VPL na Jaron Lanier ya sayar a shekarun 1980, har zuwa irin waɗanda ake sayarwa a yau. Sharaɗin wannan ƙofa shi ne sai ka ɗaura wa jikinka kaya kafin ka shiga.

Na biyu shi ne Myron Krueger, kuma a kansa zan ɗan daɗe, domin a ganina shi ne uban wannan fage na haƙiƙa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Krueger ɗalibin ilimin kwamfuta ne a Jami'ar Wisconsin da ke Madison lokacin da ya shiga cikin wani aiki mai suna Glowflow a 1969. Ɗaki ne mai duhu, an zagaye bangonsa da wasu bututai da ruwa ke gudana a cikinsu ɗauke da ƙwayoyin wani sinadari mai ƙyalli, an kuma shimfiɗa na'urorin jin taku a ƙasa, ta yadda in mutum ya taka, haske ko sauti zai tashi. Sai dai masu aikin sun sa jinkiri da gangan tsakanin takun da amsar, don kada wurin ya koma filin wasa. Sakamakon haka mutane suka shiga suka fito, akasarinsu ba su san su ne ke kunna hasken ba. Krueger ya fito daga wannan aiki da darasi guda: in amsa ba ta zo nan take ba, mai kallo ba zai san da shi ake magana ba. Daga nan ya riƙe cewa amsar ita kanta ita ce kayan aikin wannan sabon mai zane, kamar yadda tawada take ga marubuci.

A 1970 ya yi Metaplay. An kafa kyamara da babban allo a wani zauren baje koli, shi kuma mai zane yana zaune a wani gini mai nisan kusan mil guda, yana ganin 'yan kallo ta talabijin, yana zane a kan hotonsu, zanen na bayyana a allon da ke gabansu. Ba a jima ba mutane suka gano cewa in suka ɗaga yatsa suka ja layi a iska, mai zanen zai bi yatsar da alƙalaminsa, sai ya zama kamar su ne ke zanen. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci ya faru ne a bayan fage. Wata rana Krueger da wani abokin aikinsa suna ƙoƙarin warware wata matsala, kowa na gininsa, suka haɗa hotunan hannayensu a allo guda don su riƙa nuna wa juna abin da suke nufi. Da hoton hannun Krueger ya hau kan hoton hannun abokin nasa, sai abokin ya janye nasa hannun. Babu wanda ya taɓa shi. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Duk da haka ya janye, kamar yadda mutum ke gyara zama in gwiwar wani ta gogi tasa a kan tabarma.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya kan wannan ɗan motsi, domin duk abin da ya biyo baya a kansa aka gina shi. Abin da Krueger ya gano shi ne mutum na ɗaukar hotonsa da ke motsi tare da shi a matsayin jikinsa. Kunyarsa na bin sa cikin allo, ladabinsa na bin sa, har da jin cewa an matse shi ko an keta masa haddi.

A kan wannan ya gina Videoplace, wanda aka fara nunawa a Milwaukee a 1975, ya kuma ci gaba da inganta shi shekaru masu yawa a Jami'ar Connecticut. Mutum zai tsaya gaban wani bango mai haske, kyamara ta ɗauki zubin jikinsa, kwamfuta ta mayar da shi inuwa mai launi a kan allo. Babu hular ƙarfe, babu waya ko ɗaya a jiki. Tun da kwamfutocin wancan zamani ba su da saurin da ake buƙata, shi da mataimakansa suka ƙera nasu na'urorin da hannunsu. Inuwar taka na iya yin zane da yatsa, tana iya haɗuwa da inuwar wani da ke wani ɗakin daban. Wanda ya fi shahara cikin wasannin shi ne wata 'yar halitta ƙarama da ke zagaya inuwar mutum: in ka miƙa hannu sai ta sauka a kai, ta bi damtsenka ta hau kafaɗa, in ta kai tsakiyar ka sai ta taka rawar murna. A 1983 ya wallafa littafinsa Artificial Reality, amma duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai a 1990, lokacin da bikin Ars Electronica na birnin Linz a ƙasar Ostiriya ya buɗe rukunin kyauta na irin wannan fasaha, ya kuma ba shi babbar kyautar ta farko. Shekara ashirin da ɗaya ke nan bayan Glowflow.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1989 Jeffrey Shaw, ɗan ƙasar Ostireliya, ya kafe keke a gaban allo, mai kallo ya hau ya riƙa tuƙi cikin titunan Manhattan, sai dai a madadin gine-gine manyan haruffa ne jere a gefen titi, tafiyarka ita ce karatunka. A 1999 Camille Utterback da Romy Achituv suka yi Text Rain, inda haruffan wata waƙa ke zubowa daga saman allo kamar yayyafi, su sauka a kafaɗar mutum ko tafin hannunsa, in ya yi haƙuri ya tara su har ya iya karanta kalma.

Wanda ya fitar da inuwa daga ɗaki ya kai ta dandali shi ne Rafael Lozano-Hemmer, haifaffen birnin Meziko mazaunin Kanada. A 2001, a wani babban fili na birnin Rotterdam a ƙasar Holan, ya haska hotunan mutane da aka ɗauka a kan tituna a jikin bangon wani gidan silima, sannan ya dasa fitilu masu tsananin haske a ƙasa, haskensu ya shafe hotunan gaba ɗaya. Hoto ba ya bayyana sai a cikin inuwar wanda ya gitta gaban fitila. In kana kusa da bango inuwarka ba ta wuce mita 2 ba, in ka matso kusa da fitila sai ta kai mita 25. Ya sa wa aikin suna Body Movies. An tsara shi ne don mutane su daidaita inuwarsu da hotunan, in an bayyana su duka kwamfuta ta sauya wasu. Amma jama'a da yawa sai suka bar hotunan suka koma wasa da inuwar juna, ƙato ya yi kamar zai ɗauki ƙarami da yatsu biyu, ƙarami ya ruga, mutanen da ba su taɓa gaisawa ba suna ƙyaƙyata dariya tare. A nan ɗan kallon da ya gitta gaban fitila shi ne wasan dungurungum, in babu shi bango fari ne fat.

Abin da ya sauya lissafi bayan haka kuɗi ne. A Nuwamban 2010 kamfanin Microsoft ya fitar da Kinect, kyamarar wasa mai auna nisan kowane sashe na jiki, a kan kimanin dala 150. Cikin 'yan kwanaki masu shirya manhaja suka gano yadda za a haɗa ta da kowace kwamfuta. Aikin da ya ci wa Krueger shekaru sai ya zama abin da ɗalibi zai gwada a ɗakin kwanansa. A 2012 aka buɗe Rain Room a Landan, ɗakin da ruwa ke zuba daga sama ba ƙaƙƙautawa, amma kyamarori na bin ka suna rufe famfunan da ke saitin kanka, ka ratsa ruwan sama ka fito a bushe, muddin ba ka yi gaggawa ba. Tun 2018 akwai irinsa na dindindin a Sharja. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar teamLab ta Japan ta buɗe Borderless a Tokiyo, mai faɗin murabba'in mita 10,000, da kwamfutoci 520 da majigi 470, inda furanni ke watsewa in ka taɓa bango, yaro kuma ya shafa wa kifi launi a takarda, a ɗauki hoton takardar, ya ga kifinsa yana iyo a jikin bango. An rufe wancan gini a 2022, aka sake buɗe wani a wata unguwar Tokiyo a 2024, kuma a shekarar aka buɗe wani a tsohon garin Jidda.

Ba na musun kyan waɗannan wurare, amma ra'ayina shi ne girma ya ƙaru, zurfi bai ƙaru daidai da shi ba. A ɗakin Krueger da dandalin Rotterdam abin kallon shi ne abin da ke faruwa tsakanin mutum da mutum. A manyan gidajen haske na yanzu sau da yawa kowa wayarsa ce a hannu, yana neman kusurwar da hotonsa zai fi fita, bangon da aka gina don ya amsa masa ya koma labulen mai hoto.

Akwai kuma farashin da aka biya tun ranar farko, wanda ba a cika ambatonsa ba. Ƙofar Krueger ta 'yantar da jiki daga wayoyi, amma da sharaɗin na'ura za ta zuba maka ido. Kafin ruwa ya kauce maka, sai an san inda kake tsaye. Kafin hula ta zauna a kanka a Snapchat, wanda ya shigo da wannan wasa a 2015, sai manhajar ta gano idanunka da hancinka da iyakar haɓarka. Kyamarar Videoplace baƙar inuwa kawai take gani, ba ta bambance Audu da Bala. Ta yau fuska take karantawa, kuma ilimin da ke sa wa yaro kunnen zomo ɗan uwa ne na jini ga wanda hukumomi ke tsamo mutum guda da shi daga cikin taro.

Lozano-Hemmer na cikin waɗanda suka fuskanci wannan gaba da gaba. A watan Satumban 2014 aka sace ɗalibai 43 na kwalejin horar da malamai ta Ayotzinapa a garin Iguala na ƙasar Meziko. Bayan wata shida ya fitar da wani aiki mai suna Level of Confidence. Ya ɗauki manhajar gane fuska, irin wadda jami'an tsaro ke farautar waɗanda ake zargi da ita, ya ɗora mata fuskokin ɗaliban nan 43 kaɗai. In ka tsaya gaban allon sai kyamara ta auna fuskarka, ta laluba cikin hotunan, ta fito da ɗalibin da kuka fi kama, ta ajiye hotonsa kusa da naka, ta rubuta kashi nawa cikin ɗari take da yaƙinin cewa kai ne shi. Daga nan ka matsa, na bayanka ya tsaya, ta sake lalubawa. Ya saki manhajar kyauta ga duk makaranta ko cibiyar da ke son kafa ta, ya kuma ware kuɗin da aka samu daga sayar da aikin don tallafa wa al'ummar da abin ya shafa.