Gardamar da Aka Yi a Kan Ƙwayar Gishiri

Ɗalibin sakandare yakan gama da gishiri a layi biyu: sodiyam, wanda ƙarfe ne, ya saki ilektiron ɗaya, kulorin ya karɓa, sai jan da ke tsakanin cajinsu ya riƙe su. Ana rubuta wannan a allo kamar abin da aka sani tun kaka da kakanni, alhali masana sun kai fiye da shekara ɗari suna ja-in-ja a kansa, kuma inda gardamar ta fi zafi nan ne ɗalibai ke tuntuɓe har yau.

A shekarar 1807 Humphry Davy ya yi amfani da wutar batir a Landan ya fitar da sodiyam tsantsa, ƙarfe mai laushi da wuƙa ke yankawa, wanda in ya taɓa ruwa sai ya yi ta zagaye yana tartsatsi. A 1810 ya tabbatar cewa kulorin, iskar nan mai shaƙe mutum, sinadari ne mai zaman kansa. Shi ya sa da Svante Arrhenius ya ce a 1884 gishiri yana rabuwa gida biyu da kansa in ya narke a ruwa, malamansa a jami'ar Uppsala suka ba kundinsa ƙaramin maki. Ba a ga laifinsu ba: ina hayaƙin, ina gubar, in har waɗannan biyun suna yawo a tukunyar miya? Amsar ita ce sodiyam da ya rasa ilektiron ɗaya ya sauya hali gaba ɗaya, amma a lokacin ba a ma san ilektiron ba. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi, a 1916 kuma Walther Kossel ya bayyana yadda yake ƙaura daga ƙarfe zuwa abin da ba ƙarfe ba.

Hujja mafi nauyi ta fito daga Lawrence Bragg a 1913, da ya haska gishiri da hasken eksire. Bai samu sodiyam ɗaya manne da kulorin ɗaya ba. Kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane kulorin ma haka, jeri bisa jeri har ƙarshen ƙwayar. Masani Henry Armstrong yana nan yana sukar wannan har 1927. Malami zai iya cewa zanen ɗaya-da-ɗaya ya fi sauƙi ga yara, kuma ya isa a ci jarrabawa. Sauƙin na nan, amma yaron da ya haddace shi ba zai iya faɗin dalilin da ya sa sai zafi ya kai digiri 801 gishiri ke narkewa ba, ko me ya sa busasshe ba ya wuce da lantarki sai an jiƙa shi ko ya narke. Haka ma tsagewar ƙwayar a miƙe in an buga ta: jeri ɗaya ne ke gocewa, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna.