Dutsen "sikela" da maganin hawan jinin Gwaggo

1/ Watan jiya na tarar gwaggona ta ajiye maganin hawan jininta, ta rataya wani baƙin dutse a wuya. Wai "ƙarfin sikela" ne a ciki, yana tsinka jini. Mai tallan ya ce mata kimiyya ce, har da ambaton Tesla. Na ce bari in bi sawun kalmar nan. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Kalmar tana da asali. Masanin lissafi ɗan Ailan, William Hamilton, ya shigo da ita a 1846. Ma'anarta adadi zalla, ba alƙibla. Zafin ɗaki sikela ne: digiri 38, shi ke nan. Iska kuwa sai ka faɗi ƙarfinta, ka faɗi inda ta nufa.

3/ In ka ba kowane wuri lambarsa, kamar taswirar zafi ta masu hasashen yanayi, ka samu abin da ake kira filin sikela. Ba wani sirri a ciki.

4/ A 1865 James Maxwell ya fitar da lissafin da ya haɗa lantarki da maganaɗisu da haske. A shekarun 1880 Oliver Heaviside ya taƙaita shi zuwa ƙa'idoji huɗu, waɗanda ake koyarwa a jami'a har gobe. Ku riƙe sunan Heaviside, za mu dawo kansa.

5/ A 1913 Gunnar Nordström ɗan Finlan ya bayyana ƙarfin jan ƙasa da filin sikela. Einstein ma bai raina aikin ba. Amma lissafin ya ce haske ba zai lanƙwasa ba in ya gifta kusa da rana. Husufin 1919 ya nuna yana lanƙwasawa. Aka ajiye shi, ba rigima.

6/ A 1964 Peter Higgs da wasu suka ce akwai filin sikela da ya game duniya, shi ke ba ƙananan ƙwayoyin halitta nauyinsu. Shekara 48 aka yi ana jira. Sai da aka gina na'ura mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, iyakar Faransa da Suwizalan, aka tabbatar a Yulin 2012.

7/ To ina Tesla ya shigo? Ya so aika lantarki ba waya. A 1901 ya fara gina hasumiyar Wardenclyffe kusa da New York da kuɗin attajiri J. P. Morgan. Kuɗi suka ƙare, aka rushe ta a 1917. Ya rasu 1943, bai sayar wa kowa da dutsen wuya ba.

8/ Wanda ya yaɗa zancen shi ne Thomas Bearden, tsohon laftanar-kanar na sojan Amurka. A shekarun 1980 ya riƙa cewa Heaviside ya yanke ɓangaren sikela daga lissafin Maxwell, kuma Tarayyar Sobiyat na da makaman sikela. Littafin Maxwell yana nan, masana sun duba, ba su ga abin da aka ɓoye ba.

9/ Daga nan kalmar ta faɗa hannun 'yan kasuwa: abin wuya, abin hannu, faifan gilashin da wai ke gyara ruwan sha. Tambaya ɗaya ce: da me aka auna? Na Nordström an auna, ya faɗi. Na Higgs an auna, ya tsaya. Nasu har yau ba na'urar da ta gan shi.

10/ Abin da aka auna ɗin ma ba daɗin ji. A Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a kan kaya goma irin waɗannan, har da na wuya, domin suna fitar da tururin radiyeshan. Ta ce a daina sawa.

11/ Na koma na ce, "Gwaggo, kada ki ɗauki maganata. Mu je a auna jininki da dutsen a wuyanki." Muka je. Ya hau sosai. Ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, to kuɗina fa?"

12/ Kuɗi sun tafi, amma ta koma shan maganinta, alhamdu lillahi. In akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gidanku da ya rataya irin wannan, don Allah ku tambaye shi yau ko yana shan maganinsa.