Gompa, Lama da Sunayen Mutanen Kan Dutse

A Zuru, kamar sauran garuruwan Arewa, duk wanda ya fito a fim da aski ƙwal-kwabo yana yafe da jan mayafi, sunansa ɗan Shawolin. Jet Li ne ya ja mana wannan da fim ɗinsa na 1982. Alhali Shawolin wuri ɗaya ne tak, gidan ibada a dutsen Song na lardin Henan a ƙasar Sin, wanda aka gina a shekara ta 495, kuma sunan na nufin kurmin tsaunin Shaoshi. Masu ibadar da ake nunawa a finafinan tsaunukan Himalaya ɗariƙarsu daban, kuma babu ruwansu da dambe.

Akwai wasu finafinai da ba a magana a cikinsu ko kalma ɗaya, sai hoto da kiɗa. Ron Fricke ya yi irinsu, biyu daga ciki suka fi suna. Na 1992 ya sa masa suna Baraka, wato dai albarkar nan tamu da muka aro daga Larabci. Na 2011 kuwa Samsara, kalmar Sanskrit mai nufin zagayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, kamar yadda mabiya Buddha suka yi imani. A cikinsa aka nuna masu ibada na gidan ibadar Thiksey a Ladak sun duƙa suna zana hoto da yashi mai launi-launi, ƙwaya bayan ƙwaya, suna gamawa kuma suka sa hannu suka share.

Irin wannan gida sunansa gompa, kuma asalin kalmar a harshen Tibet shi ne wuri mai nisa da mutane. Ke nan kaɗaicin da mai kyamara ke wahalar nunawa tuni yana cikin sunan. Ladak ma haka, ƙasar mashigan tsauni. Himalaya kuwa mazaunin dusar ƙanƙara. Lama malami ne, ba kowane mai jan mayafi ake kira da shi ba. Dalai da ke cikin Dalai Lama kalmar Mongoliya ce mai nufin teku, laƙabin da sarki Altan Khan ya bayar a 1578. Dogon ƙahon ƙarfen da suke busawa daga saman soro, dungchen, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ya ji kakaki zai gane ɗan uwansa ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne da yawa daga cikin sunayen da duniya ta riƙe ba masu wurin ne suka raɗa ba. Mutanen Tibet Bod suke kiran ƙasarsu. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo suna ce masa Comolungma, amma a 1865 Turawan Ingila suka laƙaba masa sunan George Everest, jami'in safiyonsu a Indiya.

Ɗan Zuru ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Kakanninsa sun zauna kan duwatsu, wurin da dokin mahara daga Kontagora ke shan wuyar hawa, kuma Bahaushen da ke ƙasa ya kira su Dakarkari, sunan ya bi littattafan Turawa da takardun gwamnati. Su kuwa Lelna suke kiran kansu, harshensu C'lela, kuma da shi ake waƙa ranar bikin Uhola.