Rundunar Masu Rauni a Yaƙin Basasar Amurka

Idan muka waiwayi yaƙin basasar Amurka, za mu ga yadda ƙarancin sojoji ya tilasta wa gwamnatin Shugaba Lincoln kafa rundunar masu rauni a 1863. Masu sauran ƙarfi suka riƙa gadi, waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa kuwa suka kama jinya da girki a asibitoci, domin lafiyayyu su tafi fagen fama. A watan Yulin 1864, bayan Janar Grant ya kwashe yawancin masu tsaron Washinton, sai Janar Early na 'yan tawaye ya doso birnin. Waɗannan bayin Allah, tare da akawunan gwamnati, suna cikin waɗanda suka tsare ganuwa har gudummawa ta iso. Mu marubuta mun fi tunawa da janar-janar, alhali waɗannan ma sun cancanci alƙalaminmu.