Ɗora Sabuwar Kwalta Kan Tsohuwa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Haɗa Kuɗi

Ni ba injiniya ba ne, gara in faɗa tun farko. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana saro su daga Potiskum da Maigatari yana saukewa a nan kudu, ni kuma tun da na gama sakandare nake riƙe masa lissafi da zirga-zirgar mota tsakanin Inugu, Anaca da Fatakwal. Abin da ya sa na san kan kwalta, asara ce. Akwai filin da muke ajiye motoci mu da maƙwabtanmu, kwaltarsa ta tsufa ta yi ramuka, aka yi karo-karo aka kira wani ɗan kwangila. Kwana biyu ya yi, ya bar mana wuri baƙi wuluk, sumul, har hotuna muka ɗauka. Damina ɗaya ba ta fita ba ramukan suka dawo, a daidai inda suke tun asali. Da aka tashi gyara karo na biyu ni aka sa tsaron aikin, shi ya sa na yi ta bin ma'aikatan hanya da tambaya. Abin da na tara ke nan nake rubutawa, don kwamitocin masallatai, shugabannin tasha da kara, da masu gidajen da ke da harabar mota.

Mene ne ɗorin kwalta?

'Yan kwangila suna ce masa "obale". Ma'anarsa a shimfiɗa sabuwar kwalta mai zafi, kaurin santimita 4 zuwa 5, a kan tsohuwar ba tare da an tone ta ba. Kwaltar da muke gani a hanya haɗi ce: tsakuwar dutse, garin dutse da yashi, sai baƙin danƙon nan da ake kira bitumin wanda ke riƙe su. Bitumin ɗin kaɗan ne, wajen kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin haɗin, amma shi ne mai tsada, don yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma dala yake bi. Wanda aka fi amfani da shi a Najeriya shi ne mai lamba 60/70.

Ɗori ya fi tonewa araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi sauri. Idan ƙasan wurin lafiya yake, aikin kirki zai iya kai shekara 10 ko fiye. Amma fa ku riƙe wannan: ɗori fata ce kawai. Nauyin mota ba kwaltar sama ce ke ɗauka ita kaɗai ba, burji da dutsen da aka danne a ƙarƙashinta su ne ƙashin bayan. In su suka lalace, ko sau nawa aka ɗora, banza ne.

Yadda za ku gane ko wurinku zai karɓi ɗori

Nan ne muka faɗi a karon farko, don haka zan ɗan tsaya a kai.

Idan kwaltar ta koɗe ta yi toka-toka, tsakuwa tana zubewa kana iya share ta da tsintsiya, ko akwai tsaga ɗai-ɗai masu tsawo nan da can, wannan tsufa ne na sama. Ɗori zai yi maganinsa. Amma idan ka ga tsagar ta yi ƙanana-ƙanana a haɗe kamar bayan kada, ko wurin ya lotsa ya yi kwari a inda tayoyi ke bi, to ciwon daga ƙasa yake. Irin wannan wuri sai an yanke shi da inji a murabba'i, an kwashe ruɓaɓɓen ƙasan har a tarar da mai ƙarfi, an zuba dutse an danne, an cike da kwalta daidai da sauran, sannan a zo maganar ɗori.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, bayan an ɗauke ruwan sama da kamar awa biyu, ku zaga filin da fenti ku zagaye duk inda ruwa ya kwanta. Na biyu, ku sa direba ya bi ta kan wurin da mota mai lodi a hankali, ku kuma ku tsuguna ku kalli ƙarƙashin taya. In kun ga ƙasa tana lanƙwasa tana dawowa kamar katifa, ko ruwan taɓo yana tsartuwa ta cikin tsaga, wurin nan ya mutu. Wani dattijon direban rola ya ce mini shi a ƙa'idarsa, in wuraren da suka mutu sun kai kashi ɗaya cikin uku na fili, ba ya ba da shawarar ɗori, gara a tone duka. Na yarda da shi, don na ga abin da ya faru da namu.

Sai kuma tsaga. Duk tsagar da aka rufe ba a cike ta ba, za ta huda sabuwar kwaltar ta fito a daidai inda take. Dole a busa ta, a wanke, a cika da bitumin kafin a shimfiɗa komai.

Ruwa, ruwa, ruwa

Mu da muka fito daga arewa muna raina wannan. A Kano ruwan shekara yawanci bai cika milimita 1,000 ba, kuma wata huɗu zuwa biyar ne an gama. A Fatakwal ya haura milimita 2,000, ana yinsa kusan wata tara, ga ƙasar a shimfiɗe, ruwan ƙasa a kusa. Anaca tana bakin Kwara, unguwannin gangare irin Fegge da wajen Bridge Head duk ruwan da ya taso daga sama nan yake sauka. Inugu kuwa tudu da gangare ce, can matsalar gudun ruwa ne, yana cin gefen kwalta yana rarake ƙarƙashinta.

Saboda haka kafin ku biya kuɗin tan ɗaya na kwalta, ku duba lambatu. In ta toshe a yashe ta, in babu a gina. Filin kuma dole ya karkata zuwa lambatun, aƙalla santimita 2 a kowace mita ɗaya. Ido ba ya ganin wannan karkatar, sai da igiya da ma'auni, amma ita ce ke sa ruwa ya wuce maimakon ya kwana. Ku tuna kuma ɗori yana ɗaga ƙasa da santimita 5. Na san shagunan da bayan an yi aiki a gabansu ruwa ya koma shiga cikinsu, don bakin ƙofa ya zama ƙasa da fili. Ƙofar get ma tana iya daina buɗuwa. Maganinsa a kankare tsohuwar kwalta a waɗannan wuraren kafin a ɗora. Manyan kamfanoni suna da injin kankara, ƙananan kuma da diga suke yi, duk ɗaya ne in an yi da kyau.

Ranar aiki

A share wurin tas, babu ƙura, babu kashin shanu, babu danshi. Inda man gas ko baƙin mai ya jiƙa kwalta ta yi laushi, a yanke a fitar. Daga nan sai a fesa ruwan bitumin sirara a ko'ina, wanda ma'aikata ke kira tak-kot. Shi ne gam ɗin da ke haɗa tsohuwa da sabuwa. Idan na ruwa ne, yana sauka ruwan ƙasa-ƙasa, sai an jira ya koma baƙi sannan a zuba kwalta. Ɗan kwangilarmu na farko da gwangwani mai huji ya yayyafa shi, nan akwai can babu, shi ya sa daga baya kwaltar ta riƙa ɓarewa kamar ƙanzon tuwo a inda motoci ke taka birki.

Kwalta tana fitowa daga injin dafawa da zafi wajen digiri 150 zuwa 160. Dole tifa ta zo a rufe da tamfol. In ta maƙale a go-sulo a Upper Iweka ko Eleme Junction ta iso ta huce ta yi gudaje, ku ce a mayar, kada ku ji kunya. Kwalta mai sanyi ba ta dannuwa, wadda ba ta dannu ba kuma ruwa take sha. Fili babba yana son injin shimfiɗa, da hannu ba ya fita daidai. Rola kuma ta zama babba, mai nauyin tan 8 zuwa 10, ta bi tun da zafi. Wannan ƙaramin injin da ake turawa da hannu na lungu ne da gefen bango kawai.

In hadari ya haɗo, a tsaya. Ba a zuba kwalta a kan jiƙaƙƙen wuri.

Lissafin da zai hana a cuce ku

Ba zan faɗi farashi ba don kafin ku karanta ya canza. Amma nauyi ba ya canzawa. Kwaltar da aka danne, kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, nauyinta wajen tan 2.4 ne. Ke nan a kaurin santimita 5, tan ɗaya zai rufe murabba'in mita 8 da 'yan kai. A ce harabarku mita 30 ce tsawo, 20 faɗi. Murabba'in mita 600 ke nan, kuna buƙatar kusan tan 72. In mai aiki ya rage kaurin ya koma santimita 3, tan 43 zai zuba, ya ci kuɗin tan 29, ku kuwa da ido ba za ku taɓa ganewa ba, don baƙin ɗaya ne.

To ku rubuta a yarjejeniya cewa kaurin da ake magana bayan an danne ne. Wannan kalma ɗaya tana da muhimmanci, don kafin rola ta hau, santimita 5 tana bukatar a zuba wajen 6 da rabi. Ku sa yaro ɗaya mai amana ya riƙa karɓar takardar sikeli ta kowace tifa yana tarawa, wani kuma ya riƙe ƙusa mai alama yana soka wa a bayan injin shimfiɗa. Mu da muka saba ƙirga kan shanu a bakin tirela, ƙirga tifa ba zai gagare mu ba. Kuma kada a biya kuɗi duka. A riƙe wani kaso sai an ga yadda ruwan farko ya bi ta kai.

Inda kwalta ba ta dace ba sam

Wannan ra'ayina ne, amma da hujja. Inda tirela ke tsayawa ta kwana da lodi, kwalta ba ta jurewa. Rana ta dafa ta, taya ta lotsa ta, man gas da ke ɗiga ya narkar da bitumin, don asalinsu ɗaya ne. Ƙafar bodi kuwa in aka cire kai, huda ta take yi kamar ƙusa. Wurin sauke shanu ma haka. Kwalta mai santsi in ta haɗu da kashi da fitsari da ruwan sama, kofato ba ya kama ta. A gabana wani bijimi da ya sha tafiyar kwana biyu lafiya ya zame a wajen sauka ya karye, dole aka yanka shi aka sayar a yadda mahauta suka ga dama. Irin waɗannan wurare kankare suke so, mai rodi, a ja masa layi-layi tun yana ɗanye don ya yi kaushi. Sauran filin, inda ƙananan motoci da Keke ke bi, a yi masa ɗori. Ko gwamnatin tarayya ma tun da David Umahi ya zama ministan ayyuka a 2023 take karkata ga hanyoyin kankare, musamman a yankunan ruwa. Harabar gida ko ta masallaci kuwa, ku kwatanta da intalok tukuna. Shi in wuri ya lotsa ana cire shi a gyara ƙasa a mayar, kuma ba ya bukatar a jira tifa daga nesa. A Fatakwal ma duk wani aikin dutse tsada yake, don babu dutse a ƙasar, daga wajen Akamkpa ta Kuros Riba ko Ishiagu ta Ebonyi ake kawo shi.

Filin na waye?

Da yawa daga wuraren da muke zaune haya ne, ko aron gari, ko filin ƙaramar hukuma. Kwalta ba a naɗe ta a tafi da ita. Waɗanda suka yi sana'a a mahautar Trans-Amadi kafin gwamnatin Wike ta rufe ta sun san abin da nake nufi. Kafin a tara kuɗin jama'a, a tafi da Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa a zauna da mai filin, a rubuta shekara nawa suka rage, kuma ko za a cire kuɗin aikin daga haya. In kuma wurin ya taɓa titin gwamnati, kada ku sa masa hannu sai da izini. Manyan hanyoyi irin ta Inugu zuwa Fatakwal da ta wuce ta Lokpanta, ko ta Inugu zuwa Anaca da ta bi ta wajen Ugwuoba da Amansea, na tarayya ne, gyaransu na ma'aikatar ayyuka ne da hukumar FERMA. Na cikin gari na jiha ne ko ƙaramar hukuma. Ko mashigar da ta haɗa filinku da titi ce, a nemi takarda.

Lokaci kuwa, rani a nan gajere ne. Disamba ƙasa ta fara bushewa amma kasuwar Kirsimeti ba za ta bari a rufe fili ba, don haka Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi. Ɗan tsagaitawar ruwan watan Agusta kada ta ruɗe ku, sama ce ta bushe, ƙasa a jiƙe take. Bayan an gama, ƙananan motoci su jira kwana ɗaya, manya su ba shi kwana uku ko fiye, a hana direbobi murɗa sitiyari mota na tsaye, makanikai kuma a ware musu gefe guda mai kankare inda za su riƙa juye mai.