Sakin roba a ƙarƙashin nauyi

Sakin roba shi ne yadda roba, ko kayan da aka haɗa da roba da zaren gilashi, ke miƙewa ko lanƙwashewa sannu a hankali idan nauyi ya daɗe a kansu, ko da bai kai ya karya su ba. Ana ganin haka a tsohuwar kujerar roba wadda ƙafafunta suka buɗe. Dogayen ƙwayoyin robar ne ke zamewa a kan juna, zafi kuwa yana gaggauta zamewar.

Injiniya ba zai jira shekara 50 don ya ga makomar bututun ruwa na roba ba. Yakan gwada shi cikin zafi na wasu watanni, sannan ya lissafa abin da zai faru a tsawon shekaru. Lissafin da masana kimiyya Williams, Landel da Ferry suka wallafa a 1955 yana cikin ginshiƙan wannan hanya.

Sakaci a nan yana cin rai. A Yulin 2006, a birnin Boston na Amurka, silin kankare na wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ya rufto kan mota, ya kashe wata mata. Bincike ya gano cewa gam ɗin da ke riƙe da ƙusoshin silin, wanda shi ma nau'in roba ne, shi ne ya yi ta saki har suka zare.